Yadda Na Je Faransa Ban Wuce Tarauni Ba

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da sojoji suka koma bariki ba. Ba don siyasa ba, a'a, sai don a shekarar ce na yi tafiya mafi shahara a tarihin zuriyarmu: na tafi bakin tekun Faransa, na dawo, fasfona kuwa fari fat, ko ƙuda bai sauka a kansa ba. (Ku gyara zama. Ni kaina in ina ba da labarin nan sai na riƙa waiwayen bayana.)

Lokacin ina zaune a Gyadi-Gyadi da matata Binta da yaranmu. Ɗan ƙaramin akawu ne ni, amma Allah ya hore mini murya. Da aka buga gangar siyasa sai wani ɗan takara ya ɗora ni a bayan mota ya miƙo mini lasifika, na yi ta zagaya unguwanni ina kururuta shi, har karnukan Hotoro suka haddace muryata. Mutumin ya ci zaɓe, ya zama Onarabul. Ba a jima ba ya ja ni gefe ya ce za su tafi ziyarar ƙaro ilimi kudancin Faransa, su gano yadda ake jawo baƙi zuwa bakin teku. (Kar ku tambaye ni wane teku ne a Kano. Ni ma ban tambaya ba.) Ya ce, "Da kai za a je. Kawo fasfo." Ya haɗa ni da wani ɗan littafi mai sheƙi, cike da hotunan wuraren da za mu gani.

Da mai hankali ne, da ya ja bakinsa ya yi shiru sai jirgi ya ɗaga. Ni kuwa kafin la'asar har mai shayin bakin titi ya sani. Na shiga bankwana gida-gida, ina neman gafara kamar mai tafiya Hajji. Binta ta yi mini dambun nama da dakakken yaji, wai can ba a san yanka ba. Na sayi kwat a gwanjo da baƙin tabarau, don duk mutanen da ke cikin hotunan nan da tabarau na gan su.

Bankwana ɗaya ne ya fi tsaya mini a rai, na surukina, Baba Malam, mahaifin Binta. A Tarauni yake, dattijo mai kwarjini, wanda ake ɗaukowa in aljani ya shiga jikin wani ya ƙi fita. Ba ya dariya. Tun ranar da na je neman aure ya ce wa ɗan'uwansa, "Yaron nan bakinsa ya fi shi girma," kuma shekara da shekaru bai sauya ra'ayi ba. Amma ranar da na durƙusa na ce masa zan ƙetare, sai ya kama hannuna ya yi mini doguwar addu'a, ya ciro carbinsa na kansa ya ba ni. Ya ce, "Ka riƙe salla. In ka sauka ka fara tambayar gabas kafin ka tambayi abinci." Ranar ce ta farko da ya dube ni kamar mutum. Na fito ina jin na ƙara tsawo.

Ranar tafiya mota guda aka cika aka raka ni filin jirgi. Aka bar ni a ƙofa, na shiga ina jan akwati. A ciki yaron Onarabul ya tare ni yana sosa ƙeya, ya ce bizata ba ta fito ba. Na leƙa layi sai ga ƙanen matar Onarabul tsaye a gurbina, har da irin tabarauna. Onarabul ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka yi haƙuri, sai tafiya ta gaba. Ka riƙa sa mu a addu'a." Suka shige.

Ban fita ba. Na laɓe a bayan wani ginshiƙi ina leƙen waje ta gilashi. 'Yan rakiyata ba su tafi ba, suna jiran su ga tashin jirgi. Da ya ɗaga sai duk suka ɗaga hannu sama, Binta tana share hawaye da gefen mayafi, yarana suna tsalle. Ina tsaye ina kallon iyalina suna yi mini bankwana a sararin sama. Ji na yi kamar na mutu an ba ni izinin leƙen zaman makokina.

Carbin Baba Malam yana aljihuna. Na taɓa shi, na ce a raina: ni in koma in durƙusa gaban mutumin nan in ce ba a je da ni ba? Ina! Sai dai in je Faransa ko ta halin ƙaƙa.

Na jira suka watse, na rufe fuska da hula da tabarau, na nufi wurin abokina Bala, dillalin gidaje. Sai da ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya ce, "To yanzu me kake so?" Na ce wurin ɓuya, har ranar da su Onarabul za su dawo. Ya ce akwai wani gidan bene a Tarauni, mai shi tsohon babban ma'aikacin gwamnati ne, ya rasu, magada sun watse, makulli yana hannunsa. Ya ce, "Ba mai leƙa gidan. Ko ɓarawo ba ya shiga." Ni kuwa don tsabar wauta na ce madalla, ban tambayi dalili ba. Na san unguwar surukina ce, amma na ce ai ba fita zan yi ba. Wayar hannu kuma ba ta zo ba tukuna, ba mai kirana ya ji kukan akuya a bayana. Bala ya shigar da ni, ya fita, ya garƙame ƙofar da kwaɗo ta waje.

Gidan nan, jama'a.

Wata tsohuwar tsamiya ce a tsakar gida, ta rufe rabin sama, ko rana tsaka duhu-duhu ne a ƙarƙashinta. An yanke wuta tun tuni. An lulluɓe kujerun falo da fararen zannuwa, sun yi jeru kamar mutanen da suka zo gaisuwa suka rasa abin faɗa. Agogon bango ya tsaya. Hoton marigayin yana rataye, duk kusurwar da na koma idonsa na kaina, har sai da na juya shi ya fuskanci bango (na ce masa ya yi haƙuri). Abin da ya fi damuna shirun gidan. Tarauni ce fa, ga 'yan acaɓa, ga masu talla, amma da zarar ka shiga falon nan sai duniya ta ɗauke ɗif, kamar an nutsa kanka a randa.

Na kama aiki, don wanda ya dawo daga tafiya dole ya ba da labari. Na buɗe littafin nan na shiga hadda. Ina zagaya falo ina yi wa kujeru jawabi da muryar lasifika.

"Ai birnin Nis, in gaya muku, akwai wani dogon titi a bakin teku, dabinai jere, ga kujeru shuɗaye an ajiye kowa ya zauna kyauta ya kalli ruwa. Kuma bakin tekun ba yashi ba ne, tsakuwa ce, sai da ta ci mini ƙafa!" Sai in ɗingisa, don labari ya zauna. In juya wajen doguwar kujera: "Kan kuwa, garin 'yan fim, na taka matakalar nan da ake shimfiɗa wa jan kafet." In matsa gaba: "Monako ƙasa ce guda, amma Gyadi-Gyadi in ta yi miƙa za ta kusa rufe ta. Ga fadar yarima a kan dutse, ga gidan caca kamar fada. Ban shiga ba, Baba, daga nesa na tofa masa a'uziyya." (Wannan na Baba Malam ne na musamman, na fi maimaita shi.) Akwai wani ƙauye Ez da aka ɗora a ƙolin dutse kamar sheƙar shaho, na koyi yin haki in na zo kansa. Akwai San Turofe, inda attajirai ke ɗaure jiragen ruwansu. Sai Giras, garin turare, wanda a kansa na gina maganar tsaraba: na sa Bala ya sayo mini ƙananan kwalaben turare a kasuwa, na zauna na kankare takardun jikinsu. Ina yi ina gwadawa, har gidan ya ɗauki ƙamshi.

Kujerun ba su taɓa katse ni ba. Amma wani lokaci in na yi shiru, sai in ji kamar ƙarshen maganata ya dawo daga saman bene, a hankali, da wata murya da ba tawa ba.

Da farko Bala yana zuwa da abinci. Daga baya ya ɗauke ƙafa (ashe rasuwa aka yi musu a ƙauye, ya tafi da makulli a aljihu, ya manta ya ajiye mutum). Dambun nama ya ƙare. Na koma tsinkar tsamiya ina jiƙawa da ruwan rijiya. Wanda ya je Faransa ya kamata ya dawo ya yi ɓul-ɓul, ni kuwa wuyana ya fara zama na zalɓe.

Rannan da rana tsaka, lokacin da ko ƙadangare ya nemi inuwa, ina kwance a ƙarƙashin tsamiya sai na ji motsi a bakin ƙofa. Ba ƙwanƙwasawa ba. Wani ɗan sautin jan ƙafa, sannan wata siririyar murya tana ƙus-ƙus, ba na jin abin da take faɗa. Na ɗaga kai. Ta ƙarƙashin ƙofar ƙarfen sai ga hannu ya shigo, busasshe, duk jijiya, yatsun sun yi baƙi da lalle. Ya turo wata 'yar ƙwarya a hankali, ya janye. Na jira in ji takun tafiya. Ban ji ba.

Na karanta duk addu'ar da na haddace, har da wadda ban tabbatar da ƙarshenta ba. Sannan na rarrafa na duba. Nono ne, fari sol, ga dafaffen ƙwai a gefe da farin goro.

Yanzu ku faɗa mini gaskiya. Gida ba kowa, tsamiya, rana tsaka, hannu ba jiki, farin abinci. Ko yaron goye ya san wannan ba daga Bala ba ne. Na ce shi ke nan, wata aljana ta ji labarin Monako ta ƙyasa. Na ja da baya na zauna ina kallon ƙwaryar, ita ma tana kallona. Tsoro ya ce kar ka taɓa. Ciki ya ce kai dai yi bisimilla. Ba a kai la'asar ba ciki ya ci zaɓe.

Washegari hannun ya dawo. Rana ta uku ma haka. Ina tsoro ina shanyewa.

To a nan ne tarbiyya ta kashe ni. Mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, ta yi mana horo mai tsanani cewa ba a mayar da kwanon mutane haka nan. Ka wanke shi, ka sa ɗan tukwici. Na ga ƙore sun taru, na ce ko aljana ce ai tana da haƙƙi, kar a ce ɗan Adam ba shi da godiya. Na wanke su tas a bakin rijiya, na jera, na ɗauko kwalbar turare guda daga cikin tsarabar Giras na ɗora a ta sama, na tura su waje ta ƙarƙashin ƙofa.

Ba a jima ba na ji wata ƙara a waje, irin wadda ake yi in an ga gawa ta yi atishawa. Sai gudu, sai faɗuwar ƙore.

Abin da ban sani ba shi ne, unguwar ta daɗe a tsorace. Gidan da ba kowa, ga kwaɗo a ƙofa, amma ana jin guga na faɗawa rijiya. Ana jin ƙamshin turare. Ana jin ƙatuwar murya tana kiran sunayen da ba a taɓa ji ba tana dariya ita kaɗai. Hannun nan kuwa na wata tsohuwa ce mai suna Inna Tabawa da ke maƙwabtaka, wadda ta ce ita ba ta faɗa da mutanen ɓoye, gara ta ba su nasu su bar mata jikokinta lafiya. An sha ajiye irin wannan sadaka a duniya, amma ba a taɓa jin inda aka dawo da ƙwarya a wanke har da tukwici ba.

Ni ban san wainar da ake toyawa ba. Washegari na wanke kayana, na rasa abin sawa, na yaye farin zane daga kan kujera na lulluɓa har ka. Na sa tabarau don in saba da shi. Na hau barandar bene ina gwada yadda zan nuna faɗin teku, na ware hannuwa biyu. Da na dubi ƙasa sai na ga layin cike da mutane, kowa ya ɗaga kai, ba mai ko tari. Wata mata ta sulale ƙasa a hankali kamar an zare mata ƙashi.

Na faɗa ɗaki na danna sakata. Ina ji aka fasa kwaɗon ƙofar gida. Takun mutane ya cika tsakar gida, ya hau matakala, ya tsaya a bakin ɗakin. Aka yi tsit. Sai wata murya ta fara karatu, a nutse, ba gaggawa. Na san muryar. Da ita aka ɗaura mini aure.

Da aljanin gaske ne ya shigo da na fi samun sauƙi.

Baba Malam ya kai aya, ya yi gyaran murya. "Kai wanda ke cikin ɗakin nan, mun yi maka sallama. Musulmi ne kai ko kafiri?"

Nan wata dabara ta zo mini, irin wadda ba ta zuwa sai ga wanda Allah ya nufa da tonon asiri. Na ce in na amsa a matsayin aljani na yi alkawarin tashi, za su watse, asirina ya rufu. Na shaƙe murya na yi ƙasa da ita.

"Musulmi ne."

Aka ɗauki salati a waje.

"To alhamdu lillahi. Me ya kawo ka gidan mutane?"

"Baƙo ne ni. Hutawa nake. Jibi zan tashi."

"Daga ina?"

Ban shirya wa wannan ba. Kwana da kwanaki abu ɗaya ne a bakina, shi ne kuwa ya fito. "Daga Monako."

"A bayan wane dutsen take?" in ji wani daga baya.

Sai na ji Inna Tabawa ta ce, "Malam, ni fa muryar nan kamar na san ta. Kamar ta mai lasifikar nan da ya hana mu barcin rana lokacin zaɓe."

Wani ya ce, "Haba Inna, ai wannan yana Faransa. Surukin Malam ne fa."

"To ai shi ne! Aljanin ya ari muryarsa!"

Ni na san Baba Malam ya gane, shi ma ya san na san ya gane. Can ya ce, a hankali, "Jama'a, kowa ya koma gida. Wannan na san irinsa. Ba ya cutarwa, kunya ce da shi. Ku bar ni da shi."

Allah ya saka wa dattijon nan, ya so ya rufa mini asiri. Amma samarin unguwa sun riga sun hau da kaskon garwashi, kuma ba su ɗauko shi don su mayar ba. Kafin ya rufe baki wani ya watsa barkono a wuta ya tura kaskon bakin ƙofa, suka hau fifita.

Na yi ƙoƙari, wallahi na yi. Na toshe hanci da zane, na cusa kai a kusurwa. Atishawar farko na yi ta da muryar aljani. Ta biyu ta fito da muryata ta gado. A ta uku na zare sakata na yi waje, lulluɓe da farin zane, tabarau a karkace, hawaye da majina sun haɗe, carbin Baba Malam a hannuna. Rabin jama'ar suka yi ƙasa a guje suna tattake juna. Sauran suka ƙame. Na zube a gaban surukina ina tari.

Ya dube ni daga sama har ƙasa. Ya dubi carbinsa. Sannan, a gaban kowa, da muryar nan tasa da ba ta hawa ba ta sauka, ya ce:

"Sannu da zuwa. Ya ka baro mutanen Faransa?"

Bakina, wanda bai taɓa sanin lokacin yin shiru ba, ya ce, "Suna gaishe ka, Baba."

Ranar na fara jin dariyar Baba Malam. Ta fito masa da ƙyar, kamar ƙofar da ta shekara ba a buɗe ba, sannan ta ɓalle har sai da ya dafa bango. Inna Tabawa kuwa ba ta yi dariya ba. Ta matso ta leƙa fuskata ta ce, "Kai ne ka shanye mini nono? To turaren ma ba ya kama jiki."

Motar da ta kai ni filin jirgi mutum nawa ta ɗauka? Waɗanda suka rako ni gida sun ninka su. A ƙafa muka taho daga Tarauni har Gyadi-Gyadi, ni a gaba da jiƙaƙƙiyar kwat, wani ya ɗauko mini akwati a ka, ana ta yi mini barka da sauka. Binta ta fito ta gan ni, ta dubi mahaifinta, ta sake dubana, ta ce, "Baban Ummi, jirgin a Tarauni ya sauke ku?" Mutane kuma suka yi ta zuwa sannu da zuwa har sati ya zagayo, don ba wanda ya yarda a bar shi a baya. Kowa ya zauna sai ya ce in ba shi labarin Nis. Ni kuwa na ba su, har da ɗingishi. Da su Onarabul suka dawo aka tambaye su me suka gani, suka ce kantuna. Har yau a unguwarmu in ana son labarin bakin tekun Faransa wurina ake zuwa.

Baba Malam bai karɓi carbinsa ba. Ya ce in riƙe, wai na fi shi bukata. Har ya bar duniya, in na je gaishe shi sai ya sa a kawo mini nono a ƙwarya, ya zauna yana kallona ba ya cewa komai.

Abin da na koya ba shi da yawa. Yanzu ko Wudil za ni, sai na sauka nake sanar da mutane. In kuwa wata rana kuka sami kanku a gidan da ba kowa, hannu ya turo muku ƙwarya ta ƙarƙashin ƙofa, ba zan hana ku sha ba, don na san yunwa. Amma don Allah ku riƙe tukwicinku.